In Ba a Kulle Shi Shi Kaɗai Ba, Ina Za a Kai Shi?

Tambaya: Likita, na ji ku a rediyo kuna cewa a daina kulle fursuna shi kaɗai a ɗakin horo, wai azabtarwa ce. Ni ganduroba ne, na yi shekara talatin da biyar a bakin aiki kafin in yi ritaya. In mutum ya fasa wa ma'aikaci kai, ko ya shaƙe abokin kwanansa, ina kuke so a kai shi? Mu da ake cusa mutum hamsin a ɗakin mutum goma, ai wanda aka ba ɗaki shi kaɗai gata aka yi masa. Kuma malamanmu ba sa shiga halwa kwana arba'in su fito lafiya lau?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, ina shiga gidan yari da hantsi in duba marasa lafiya in fita kafin la'asar, ku ne kuke kwana da makullai a aljihu. Saboda haka ba zan yi maka maganar wanda bai taɓa jin ƙarar ƙofar ƙarfe ba. Wanda ya fasa wa ma'aikaci kai, a raba shi da mutane a wannan daren, ko ni nake bakin aiki abin da zan yi ke nan. Inda muke jayayya shi ne abin da ke biyo baya. Kwana nawa zai yi? Wa ya yanke masa, kuma an rubuta? Wa ke leƙa shi? Akwai wanda ko me ya yi ba a kai shi can?

Bari mu fara daidaita abin da ake nufi, domin sau da yawa mu da ku ba abu ɗaya muke magana a kai ba. A watan Disamba na 2015 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabbin ƙa'idojin kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 44 ta ce kullen kaɗaici shi ne a tsare mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata mu'amala ta gaske da ɗan'adam ba. In ya wuce kwana 15 a jere, ya zama mai tsawo, kuma ƙa'ida ta 43 ta hana shi, kamar yadda ta hana kulle marar wa'adi, da ɗaki mai duhu, da ɗakin da ba a kashe fitila, da rage wa mutum abinci ko ruwan sha da sunan horo. Ka lura, ba ta hana ba mutum ɗaki shi kaɗai ba. Wanda ke kwana shi kaɗai amma da safe ya fito ya yi jam'i, ya shiga shagon kafinta, ya yi hira a tsakar gida, wannan kam gata ne, na yarda da kai. Mu'amala ta gaske kuwa ba ita ce a turo kwano ta ƙasan ƙofa ko a daka wa mutum tsawa ta taga ba. Magana ce fuska da fuska da wanda zai saurare ka ya amsa.

Maganar halwa ta burge ni, domin ita ce ainihin kuskuren da ya haifi wannan tsari. Mai shiga halwa da ƙafarsa ya shiga, ya san ranar fita, yana da wuridin da ya cika masa dare da rana, yana da shehin da ke bibiyarsa, kuma sakatar ƙofar tana ta ciki. Duk da haka shehunan ba sa barin kowane almajiri ya shiga, sun san akwai wanda kansa ba zai ɗauka ba. Cire waɗannan duka, ka mayar da sakatar waje, abin da ya rage ba halwa ba ne.

Turawan da suka ƙirƙiro tsarin ma da niyyar halwa suka fara. A 1829 aka buɗe wani babban gidan yari a Filadelfiya ta Amurka, bisa ra'ayin masu neman gyara, da yawansu mabiya ɗariƙar Kirista ta Kweka. Sun ga bulala da cakuɗa fursunoni ba sa gyara kowa, sai suka ce a bar mai laifi shi da Ubangijinsa. Kowa da ɗakinsa, da Littafi Mai Tsarki, da 'yar taga a rufi. In za a shigo da sabon fursuna sai a rufe masa kai da ƙyalle don kada ya ga kowa. Kafin wannan ma, a 1821, gidan yarin Auburn na jihar New York ya gwada abin a kan mutum tamanin. Cikin shekara guda biyar suka mutu, wasu suka haukace, ba a je ko'ina ba aka watsar da gwajin. A 1890 Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta rubuta cewa masu irin wannan zama wasu sun zama kamar wawaye, wasu sun haukace tuburan, wasu sun kashe kansu, waɗanda suka jure kuma galibi ba su gyaru ba. Gidan na Filadelfiya ya bar tsarin a hukumance a 1913. Ke nan an san illar abin sama da shekara ɗari da suka wuce.

Mu kuma muna da namu labarin da ya fi wannan kusa da zuciya. Ka tuna Ka'abu bin Malik da abokansa biyu da ba su fita yaƙin Tabuka ba. Ba a ɗaure su ba, ba a rufe su a ɗaki ba. Ka'abu yana zuwa kasuwa, yana sallah a masallaci. Magana kawai aka hana mutane yi da su, dare hamsin. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada ya yi sallama, ba a amsa ba, ya juyo yana hawaye. Alƙur'ani a Suratut Tauba, aya ta 118, ya ce ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka yi musu ƙunci. Sahabi ke nan, yana ganin rana, yana ganin fuskokin mutane. To ina ga yaro ɗan shekara ashirin a ɗakin da bai fi tabarma biyu ba, da bokitin bayan gida a kusurwa?

Na ga irin wannan yaron. Ba zan faɗi gidan ba. An kai shi ɗakin horo saboda faɗa a layin abinci, aka ce sati biyu, sai aka yi wa jami'in da ya kai shi canjin wurin aiki, ba wanda ya tuna. Da aka fito mini da shi ya haura wata biyu. Hannunsa na kan idonsa saboda hasken tsakar gida. Wani ya yar da cokali a bayanmu, ya zabura kamar an harba bindiga. Na tambaye shi yau wace rana, ya ce bai sani ba, amma ya san tururuwa ɗari da goma sha ɗaya ne suka wuce ta tsagar bango jiya, kuma ya sa wa wasu suna. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, ba ya tantance azahar da la'asar, sai ya riƙa jera salloli yana maimaitawa don kada ya rasa. Daga baya ya fara jin mahaifiyarsa tana kiransa ta cikin bango. A gaban goshinsa akwai tabo, ya ce yana buga kai ne don ya ji wani abu. Ma'aikacin da ya rako shi, mutumin kirki ne, ya ce mini, "Likita, iskanci ne kawai, so yake a kai shi asibiti." Wannan yaron bai taɓa ciwon ƙwaƙwalwa ba kafin a kama shi.

Abin da na gani ba sabo ba ne a wajen likitoci. A 1983 wani likitan ƙwaƙwalwa, Stuart Grassian, ya wallafa abin da ya samu a wajen fursunonin kaɗaici a gidan yarin Walpole na jihar Masacusets: rashin jure ƙara da haske, gane-gane da jiye-jiye, firgici, kasa tattara tunani, zargin kowa, da fushin da mutum ba ya iya riƙewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaƙwalwa da mutane take auna kanta. Kana sanin tunaninka daidai ne saboda ka faɗa wani ya gyara maka, kana sanin lokaci saboda rana da hayaniyar gari. In aka yanke waɗannan sai ta fara ƙirƙiro nata. Barci ya rikice, jiki ya yi sanyi saboda rashin motsi, ido ya saba da bango har ya kasa hangen nesa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan gidajen wakafin birnin New York ya nuna cewa waɗanda suka ɗanɗana kaɗaici kashi 7 cikin ɗari ne na waɗanda aka tsare, amma su ke da sama da rabin duk raunukan da fursunoni suka yi wa kansu. Wani kuma na 2019 a jihar Karolina ta Arewa ya bi waɗanda aka sallama daga gidan yari, ya tarar wanda ya zauna kaɗaici ya fi sauran haɗarin mutuwa a shekarar farko da kashi 24 cikin ɗari, haɗarin kashe kai kuwa da kashi 78.

Kan maganar gata, ai muna da shaidu a gida. Wole Soyinka ya yi wata 22 a kulle shi kaɗai lokacin yaƙin basasa, yawancinsa a gidan yarin Kaduna, yana rubutu a kan takardar bayan gida don kada hankalinsa ya gudu. M.K.O. Abiola ya yi shekara huɗu a tsare a hannun soja, daga 1994 zuwa rasuwarsa a Yulin 1998, an yanke shi daga duniya har da Kofi Annan ya ziyarce shi bai san shi ne Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Mandela da ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fasa dutse a tsibirin Robben, ya ce a duk rayuwar gidan yari ba abin da ya fi masa tsanani kamar kaɗaici. Waɗannan manyan mutane ne masu ilimi da dalilin jurewa. Cunkoso masifa ce, ban musa ba, na ga ƙazuwa da tarin fuka suna bin ɗaki kamar wutar daji. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi wata a ɗakin horo ya ƙi komawa cikin cunkoson da murna ba. Mutum rahama ne, ko da a ɗakin da ake kwana a zaune.

Na san abin da ya fi damunka shi ne lafiyar ma'aikaci, kuma nan ne hujjar ta fi ƙarfi a wajena. Amurka ta koma wa kaɗaici ne saboda irin tsoron da ka faɗa. A rana ɗaya cikin Oktoban 1983 aka kashe gandurobobi biyu a gidan yarin Marion, sai aka kulle gidan gaba ɗaya, kullen da ya ɗauki shekara 23. Daga nan jihohi suka shiga gina gidajen da kaɗaici ne zalla, irin su Pelican Bay ta Kalifoniya a 1989. Aka wayi gari akwai masu shekara goma, ashirin a ɗaki guda. Albert Woodfox ya yi kusan shekara 44 a ɗaki mai ƙafa shida da tara a Luwiziyana kafin a sake shi a 2016. A 2013 fursunoni kusan 30,000 suka shiga yajin cin abinci a Kalifoniya, a 2015 jihar ta amince ta daina kulle marar wa'adi.

Me aka gani da aka sassauta? A gidan yarin Parchman na Misisipi akwai wani sashe mai mutum kusan dubu a kaɗaici, kashe-kashe sun yi yawa a 2007. Maimakon a ƙara matsawa sai hukuma ta sake tantance su ɗaya bayan ɗaya, ta tarar mafi yawansu ba su da dalilin zama can. Aka rage su zuwa kimanin 150, aka bar sauran suna cin abinci tare suna motsa jiki. Tashin hankali ya ragu ƙwarai, a 2010 aka rufe sashen. Na Kolorado ya fi taɓa zuciya. Shugaban gidajen yarin jihar, Tom Clements, wanda yake ƙoƙarin rage kaɗaici, an harbe shi a ƙofar gidansa a Maris na 2013. Wanda ya harbe shi ya yi shekaru a kaɗaici, aka buɗe ƙofa aka sake shi kai tsaye zuwa titi. Kowa ya zaci magajinsa, Rick Raemisch, zai rama a kan fursunoni. Sai ya sa aka kulle shi da kansa awa 20 a irin ɗakin, ya fito ya ci gaba da aikin marigayin, a 2017 jihar ta tsayar da iyaka a kwana 15. Baba, waɗannan gandurobobi ne 'yan'uwanka, ba 'yan rajin kare haƙƙi ba. Lissafinsu mai sauƙi ne: kusan duk wanda ka kulle wata rana zai fito, in ba ga tsakar gidan yari ba to ga unguwa. In ka mayar da shi mai zargin kowa, mai zabura da ƙarar cokali, an gudu ba a tsira ba, kuma wanda zai fara buɗe masa ƙofa ma'aikaci ne.

Akwai wani abu da ya sa wannan magana ta fi nauyi a ƙasarmu. Kusan biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran halinmu masu jiran shari'a ne, kotu ba ta ce sun yi laifi ba. A New York an kama Kalief Browder yana ɗan shekara 16 a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Ya yi shekara uku a gidan wakafi na tsibirin Rikers yana jiran shari'a, kusan biyu a kaɗaici. Aka janye tuhumar, ya koma gida, a 2015 ya rataye kansa. A Janairun 2016 Shugaba Obama ya hana kulle yara a kaɗaici a gidajen yarin tarayya. Duk wanda ya san layin masu jiran shari'a a nan ya san irin wannan yaron ba baƙo ba ne.

Dokokinmu ba su bar mu a duhu ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam, akwai Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, sannan dokar 2019 da ta sauya wa hukumarku suna zuwa ta gyaran hali ta sa bin ƙa'idojin duniya na haƙƙin ɗan'adam cikin manufofinta. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daga takarda zuwa bakin ƙofar ɗakin horo, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni da za a ba ni zaɓin abu ɗaya tak, littafi zan zaɓa. Babban littafi a bakin ƙofa, mai sunan wanda aka shigar, da laifinsa, da wanda ya ba da umarni, da ranar shiga, da ranar fita a rubuce tun ranar farko, kuma kada ta wuce kwana 15. Yaron da na ba ka labarinsa rashin wannan layi ɗaya ne ya cinye masa wata biyu. A saurari mutum kafin a yanke masa, ko da minti goma ne. Shugaban gidan da kansa ya leƙa kullum ya sa hannu. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu: da aka kama Sumama bin Usal aka ɗaure shi a jikin ginshiƙin masallacin Madina, cikin mutane, Annabi (SAW) da kansa yake zuwa kullum yana tambayarsa me ke gare shi, a rana ta uku ya sa aka sake shi. Duk lokacin da Babban Alƙalin jiha ya zo ziyarar rage cunkoso, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta zo dubawa, littafin nan su fara nema, kuma su ce a buɗe musu ɗakin, kada a tsaya a ofis da sabon fenti.

Ɗakin kansa ya samu taga da iska da ruwa, a fito da mutum ya ga rana kullum, a bar limami ko fasto ya zauna da shi, kada a yanke masa ziyarar iyali da sunan horo. Yara, da mata masu ciki ko masu goyo, da masu taɓin hankali, kada a kai su ko kusa. Na ƙarshen nan su ne suka fi cika ɗakunan horo a duk inda na shiga, domin mai jin muryoyi shi ne mai ihu da dare, shi ne mai ƙin bin layi, sai a hore shi saboda ciwonsa, horon ya ƙara ciwon. Wurinsa asibiti ne, irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko na Maiduguri, musamman yanzu da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Haka wanda aka yanke wa hukuncin kisa: ƙa'ida ta 45 cikin ƙa'idojin Mandela ta ce hukuncin mutum kaɗai ba ya zama dalilin kulle shi a kaɗaici.

Saura ɗan tsirarun da ka yi tambaya a kansu, waɗanda ko bayan kwana 15 ba za ka iya mayar da su cikin mutum hamsin ba. Akwai su, na zauna da wasunsu da sarƙa a tsakaninmu. A ware musu sashe, kowa da ɗakinsa, amma a riƙa fito da su biyu-biyu ko uku-uku ƙarƙashin ido, a ba su karatu ko aikin hannu, a sa musu matakai ta yadda mutum zai san in ya yi wata bai yi rigima ba ga abin da zai samu. Wanda ya san halinsa na iya matso da ranar fitarsa yana da abin da zai yi asara, shi ya sa yake jin magana. Kanada ta rubuta irin wannan a dokarta a 2019, awa huɗu a waje kullum, biyu daga ciki tare da mutane, ko da yake masu sa ido sun sha kama gidajen ba sa cikawa, abin da ke ƙara nuna amfanin idon waje. Kada kuma a saki kowa daga ɗakin horo kai tsaye zuwa ƙofar gida.

Mu likitoci ma da laifinmu. An taɓa miƙo mini takarda in sa hannu cewa wane "zai iya jure horo", kuma a farkon aikina na sa, ina ganin kariya nake ba shi. Ƙa'ida ta 46 ta hana ma'aikacin lafiya shiga cikin yanke horo. Aikinsa ya duba wanda aka keɓe kullum, in ya ga yana lalacewa ya rubuta a fito da shi. Yanzu in aka kawo mini irin takardar sai in mayar, in ce a ba ni makulli da kujera biyu.